Yaya Mai Kitso da Hawan Jinin Ciki

A kaina Yaya ta koyi kitso. Ina 'yar shekara huɗu tana da goma, za ta danne ni tsakanin gwiwoyinta ta yi ta tsaga da tsinken tsintsiya, in na yi kuka ta ce in rufe mata baki ko ta bar ni da rabin kai in fita a yi mini dariya. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa, babanmu kuma ya rasu ban gama wayo ba, don haka Yaya ce ta yi mini rabin uwa. Ita ke mini wanka, ita ke dukana, ita kuma ke rama mini in wani ya taɓa ni a waje.

Da ta girma sai kitson ya zama sana'arta. Ta kama wani siririn shago a bakin titi, wanda in mutum uku suka zauna na huɗu sai dai ya tsaya a ƙofa. A ciki akwai benci ɗaya, da kujera 'yar tsugunno, da madubi mai tsagewa a kusurwa, da wata fanka da wuyanta ya ƙage ta koma kallon bango. Kibiyoyin kitso da matazai suna cikin tsohon gwangwanin madara. Duk da haka mata daga unguwanni masu nisa suke hawo mota su zo, domin tsagarta kamar an ja da rula, kuma hannunta ba shi da zafi. Ga ta da surutu, har 'yan layin suna ce mata Gidan Rediyo. Tana kitso tana ba da labarin wanda ya sayi firij alhali ba wuta a gidansa, da wadda ta yi yaji ta dawo da ƙafarta don ta manta cajar waya. In mace ta motsa kai sai ta ɗan ƙwanƙwashe ta da kibiya ta ce, "Hajiya, in kika fita da tsaga a karkace kada ki ce wa kowa ni na yi miki."

Jikin shagonta akwai rumfar wani mai walda, dogo, mara magana, kullum idonsa ja. Shekara guda tana leƙawa tana yi masa masifar ƙarar injinsa, shi kuma sai ya ɗaga tabarau ya ce, "Yi haƙuri, saura kaɗan." A shekara ta biyu ya aure ta. Takan ce ta aure shi ne don ta samu ikon kashe injin, amma har yau saura kaɗan. Shi ya ƙera mata ƙofar ƙarfe da kujera mai majingina saboda bayanta. Auta yake kirana kamar yadda Inna ke yi, ni kuma ban taɓa daina ce masa Mai Walda ba.

Shekara uku da aure ko ɓatan wata ba ta yi ba. Da cikin ya zo, kafin ya kai wata huɗu duk wadda ta zauna a gaban Yaya ta ji labari. Ta je awo sau biyu. A zuwa na biyu, cikin yana wata shida, malamar asibiti ta ɗaura mata abin gwaji a damtse, ta sake ɗaurawa, sannan ta ce jininta ya ɗan hau, ta dawo bayan mako guda. Makon ya faɗo daidai da komawar yara makaranta, iyaye suna ta kawo 'yan mata har bakin titi, layin awo kuwa sai ya cinye wa mutum safiya sukutum. Yaya ta ce in an rage sai ta je.

A cikin kwanakin ne ta fara kumbura. Ƙafa ce ta fara, kowa ya ce ai haka masu ciki suke. Sai fuska, sai hannuwa. Matan da ke zuwa kitso suna cewa, "Kai, cikin nan ya karɓe ki, dubi kumatu." Ita ma sai ta juya gaban madubi ta ce dama can ita mai kyau ce, wahala ce ta ɓoye ta. Zoben da ke yatsanta ya nutse cikin nama, sabulu ya kasa fitar da shi, sai da Mai Walda ya kawo ƙaramin almakashin ƙarfe ya datse shi, tana ihu tana cewa zai gutsure mata jari. Duka muka yi dariya, har Inna.

Ciwon kai ya biyo baya. Takan aika kemis a sayo mata farasitamol, ta sha biyu, ba ya ko gezau. Wata rana ta ce mini, "Auta, ko dai hasken waldar mutumin nan ne ya fara taɓa mini ido? Wasu taurari nake gani suna gilmawa." Ta kuma ce ƙasan haƙarƙarinta na dama yana mata zafi, wataƙila yaron ne ya tokare da ƙafa. Ni a lokacin ina koyarwa a makarantar ƙananan yara, na iya karatu, na iya rubutu, amma ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ban san ma'anarsa ba. Na ce ta rage tsayuwa.

Ranar da abin ya faru kaina ne a hannunta. Asabar ce da yamma, rana ta ɗan yi sanyi, ina zaune a 'yar tsugunno tana bisa kujerarta, ta yi rabin kai. Tana cikin ba ni labarin wata mai gidan haya sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Na ce, "Sai aka yi yaya?" Sai na ji gwiwoyinta sun matse mini kunnuwa, yatsunta sun damƙe gashina har sai da na yi ƙara. Na fizge na juyo, na ga idanunta sun kafe sama, bakinta yana motsi, jikinta ya sandare. Kafin in tare ta ta zube ƙasa tana jijjiga, kanta yana bugun ƙafar benci.

Ihuna ya tara jama'a. Wata ta ce iska ce, a kawo abin turarawa. Wata ta sheƙa mata ruwa. Mai sayar da lemo a tsallake ta zo da cokali tana tura mata a baki wai kada ta ciji harshe, har haƙorinta na gaba ya ɓantare. Mai Walda ne ya ratsa su, tabarau ɗin aiki yana goshinsa, ya sunkuce ta ya tare mota. A hanya ta sake yi sau biyu.

A asibiti aka yi mata wata allura mai hana jijjiga da wata mai sauke jini, aka sa mata robar fitsari. Likitar wata dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da yawan murmushi. Ta kira mu gefe, ni da Mai Walda da Inna, ta ce:

"Wannan hawan jinin ba irin na tsufa ba ne, ciki ne ke kawo shi. Daga mabiyiya yake tasowa, abin nan da ke ciyar da jariri a mahaifa. In ba ta kafu da kyau ba sai jijiyoyin uwa su matse, jini ya hau, ƙoda ta fara tsiyayar da abin da bai kamata ba cikin fitsari, jiki ya tara ruwa. In ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ne jijjigar da kuka gani. Ba iska ba ce, ba kuma wani ne ya yi mata ba. Ta yi ciwon kai?"

Na ce ta yi, kusan kwana goma.

"Ido fa? Ta ce tana ganin wani abu?"

Na ce taurari.

Likitar ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Da ranar da ta faɗa miki kun zo, da wata magana muke yi yanzu. Kuma in kun sake ganin mai jijjiga, a kwantar da ita a gefenta kawai, kada a sa mata komai a baki." Sannan ta juya wajen Mai Walda ta ce ba abin da zai tsayar da ciwon sai an raba ta da cikin, yau ɗin nan, ko da yake bai cika wata bakwai ba. Ya sa hannu a takarda, yatsunsa duk baƙin ƙarfe.

Namiji ne. Kwana biyu ya yi a duniya, kwana biyun kuma Yaya ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo sosai an riga an kai shi. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai tambayi mijinta, "Da wa ya yi kama?" Shi kuma da bai iya ƙarya ba ya ce, "Wallahi ban gane ba. Ƙarami ne ƙwarai."

Bayan wata uku ta koma shago. Hannu ya saba, tsaga tana nan yadda take, amma labarai sun ragu, kuma in za ta yi dariya sai ta sa hannu ta rufe ɓantararren haƙorin. In mai ciki ta zo kitso sai ta kama hannunta ta danna bayan tafin da babban yatsa, ta tambaye ta yaushe rabonta da awo. Wasu suna jin haushi. Wata ma ta ce mata kitso ta zo yi ba duba ba, ta tashi da kanta a tsefe.

Bayan shekara biyu da rabi ta sake samun ciki. Wannan karon ba wanda ya ji sai mu na gida. Tun bai kai wata biyu ba ta je ta sami likitar nan mai furfura, ta ce mata, "Ga ni, duk abin da kika ce shi zan yi." Likita ta ce wadda ta taɓa yi tana iya sake yi, amma in an bi a hankali akasari ana tsallakewa. Da cikin ya kai wata uku ta ɗora ta a kan wata ƙaramar ƙwayar asfirin kullum guda, da ƙwayar kalsiyam, ta ce ta riƙa zuwa awo duk mako biyu, a gwada jini a gwada fitsari. Mai Walda ya sayo abin gwajin jini na gida mai batir. Safe da yamma shi ke ɗaura mata, yana karanta lambar a hankali kamar mai auna ƙarfen da zai yanka. An faɗa musu in ta kai ɗari da arba'in bisa casa'in su zo a ranar, in ta kai ɗari da sittin bisa ɗari da goma kada su tsaya neman takalmi.

Ban taɓa ganin mutumin da ya bi doka kamar Yaya a cikin nan ba. Ta rage aiki zuwa kai biyu a rana. Ba ta tsallake awo ko sau ɗaya ba, ko ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Har malaman asibiti suka saba da ita, suna cewa ga 'yar ajinmu ta zo. Wata biyar lafiya, wata shida lafiya. Inna ta fara ɗinka 'yan riguna a ɓoye tana tura su ƙasan akwati.

Da wata bakwai da mako ɗaya lambar ta haura. Suka je a ranar, aka gwada fitsari aka ga abin da ake gudu. Aka ba ta gado. Na je na same ta zaune tana kallon ƙafafunta, ta ce, "Auta, me kuma na rage ban yi ba?" Likita da ke wucewa ta ji, ta tsaya ta ce, "Ba abin da kika rage. Maganin yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi duka. Amma dubi bambancin, wancan karon a sume aka kawo ki, yau da ƙafarki kika zo."

Mako uku ta yi a kwance, ana ba ta maganin sauke jini, ana sauraron bugun zuciyar jariri, aka kuma yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun ɗan da ke ciki ko da zai fito da wuri. Zama ya ishe ta, sai ta fara yi wa matan ɗakin kitso daga kan gado da murfin biro, har sai da babbar malamar ɗakin ta ce in ta sake kama ta za ta ɗaure mata hannu a jikin gado. Washegari ita ma malamar ta cire hula ta zauna aka yi mata kitso guda shida.

Da jinin ya ƙi jin magani, gwajin ƙoda kuma ya fara nuna canji, likita ta ce an kai iyaka. Aka yi mata aiki da hantsi. Mace ce, kilo ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya, ta fito tana kuka kamar ɗan kyanwa. Aka sa ta a kwalba, wannan akwatin gilas mai ɗumi da ake ajiye bakwaini. Mai Walda ya tsaya a bayan taga yana kallo, ya juyo ya ce mini, "Auta, wannan kam na gane. Bakin uwarta ne." Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa duka a waje.

Muka ɗauka an gama. Kowa ya ɗauka an gama, tunda mun ji da kunnenmu cewa maganin ciwon shi ne a raba uwa da ciki. Kwana biyar aka sallami Yaya, jaririya kuma aka ce sai ta ƙara nauyi. Malamar da ta ba ta takardar sallama ta ce mata ciwon nan yana iya juyowa bayan haihuwa, har zuwa mako shida, don haka kada ta daina shan magani, ta ci gaba da gwaji, in kai ya yi ciwo ko ido ya yi duhu ta zo da gudu. Ina wajen, na ji. Yaya ta ce to, amma idonta yana kan ƙofar ɗakin jarirai.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta zo daga nesa don ta taimaka da wanki da girki. Mutuniyar kirki ce, ta haifi tara ta raini takwas, kuma tana son Yaya kamar ranta. Kullum da sassafe Yaya takan tafi asibiti da ɗinkin aiki a cikinta, ta wuni a benci a ƙofar ɗakin jarirai. Yarinyar ba ta da ƙarfin kama nono, sai an tatsa a ɗan kofi an ɗura mata ta siririyar roba. Nonon kuwa ya ƙi zuwa. Yaya za ta yi ta matsa har hawaye ya zubo mata, abin da zai taru bai rufe gindin kofin ba, ga sauran mata suna miƙa nasu cike. Ta dawo gida tana ba da labari, Gwaggo ta ɗauki ƙwayoyin ta jujjuya ta ce, "'Yar nan, wannan tulin maganin ai shi ke ƙafar da nono. Mu da muka haihu ba mu sha ko ɗaya ba, nono har jiƙa mana zane yake. Ba dai an ciro cikin ba?"

Yaya ba ta tambayi kowa ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba. Ta daina sha. In Mai Walda ya ɗauko abin gwaji da safe sai ta ce ta makara, ai asibitin za ta, can za a gwada ta. Daga bencin da take zama zuwa teburin da ake gwajin jini bai fi taku talatin ba, na ƙirga daga baya. Ba ta taɓa zuwa ba, don kada a kira uwar jaririya tana wani wuri.

A rana ta tara da sallamarta na biya ta asibitin kafin in wuce makaranta. Na same ta ta dafe goshi da hannu biyu. Na ce, "Yaya, kai ne?" Ta ce, "Rashin barci ne, Auta, ga yunwa." Na ce ta tashi mu je a gwada. Ta ce yanzu za a kira ta, in an gama za ta je da kanta, in wuce kada shugabar makaranta ta yi mini faɗa. Na duba agogo, na wuce. Ni da likita ta taɓa duban idona a kan wannan ciwon kan, na duba agogo na wuce.

Washegari da hantsi tana zaune a bencin tana tatsa, kofin ya suɓuce daga hannunta. Matar da ke kusa ta sunkuya ta ɗauko mata, da ta ɗago sai ta ga bakinta ya karkace, tana son magana ba ya fita. A cikin asibiti take, ba a yi minti biyar ba aka ɗora ta a gado, amma jijiya ta riga ta fashe a kanta. Da na iso na buɗe jakarta ina neman katinta, sai ga ƙwayoyin kwana biyar a cikin ledarsu ba a ɓalle ko ɗaya ba.

Na kai wa likita. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a kan kujerar masu jinya. Ta ce maganin ba ya ƙafar da nono, ba ya kuma cutar da jariri, shi ya sa ma aka zaɓe shi. Wadda aka yi wa aiki, ta haihu kafin lokaci, ga fargaba, dama nononta yakan yi jinkiri, kuma da ta tambaya da an nuna mata yadda za ta yi. Ta ce, "Wata bakwai ina riƙe da matar nan."

Ba wanda ya ce wa Gwaggo uffan. Ita da kanta ta gane. Ta ƙarasa wankin da ta jiƙa, ta shanya, ta ɗaura kayanta ta tafi. Har yau ba ta sake taka gidan ba, sai dai ta aiko da gaisuwa.

Jaririya ta riga uwarta fita daga asibiti. Yaya ta yi wata guda da kwanaki, ta fito a keken guragu, ɓarin dama duk ya shanye. Aka yi ta kai ta gashi, wato motsa gaɓoɓi da ake yi wa masu irin wannan lalura. A hankali ƙafa ta ɗan dawo, tana jan ta. Hannun bai dawo ba, yana nan a naɗe a kan cinyarta, yatsun sun dunƙule, sai an buɗe su ana wanke tsakaninsu. Magana kuma 'yan kalmomi ne suka rage mata: to, a'a, ruwa, Auta, da wasu kaɗan da sai ta yi ta laluben su. Hankalinta kuwa garau yake. Tana jin komai, tana gane komai, in an yi kuskure a labari sai ta buga hannun hagu a katifa.

Mai Walda ya ƙera mata ƙarfen dafawa a jikin bango, tun daga bakin gado har banɗaki, ya goge shi sumul don kada ya yanke ta. Shi ke mata wanka, shi ke yanke mata farce. Yakan rufe rumfa tun rana ba ta faɗi ba ya dawo ya zauna kusa da ita, shi ba mai magana ba, ita ba ta iyawa, sai su yi ta kallon ƙofa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Shagon kuwa wani ya karɓa yana sayar da kayan waya. Har bayan shekara guda akwai matan da ke sauka daga mota da kai a tsefe, su tsaya suna dube-dube.

Yarinyar a hannunmu ta tashi, ni da Inna, don Yaya ba ta iya ɗaukarta sai an ɗora mata a cinya an tsaya kusa. 'Yar Kwalba muke ce mata. Yanzu shekararta huɗu, lafiyayya, ga baki. Ni take kira Mama. Uwarta kuwa Yaya take ce mata, don haka ta ji ina faɗa. Mun yi gyaran har mun gaji. In an ce ta je ta gaida mamanta sai ta rugo wajena, in an nuna mata gado sai ta ce, "Wannan ai Yaya ce mara lafiya." Yaya tana ji.

Kwanakin baya na kai yarinyar kitso wajen wata a bayan layi, ta dawo tana kuka, an ja mata gashi har goshinta ya yi ƙuraje. Yaya ta yafito ta da hannun hagu, ta juya kanta tana duba tsagar, ta girgiza kai. Ta nuna mini kibiya na miƙa mata. Ta warware guda ɗaya da ƙyar, ta ja tsaga, tsagar ta fita miƙaƙƙiya. Sai ta raba gashin uku, ta tsaya. Ta kalli hannun daman da ke kan cinyarta, ta daɗe tana kallonsa. Yarinyar ta gaji ta zame ta fita wasa. Yaya ta ajiye kibiyar a kan katifa, ranar ko ruwa ba ta karɓa ba.

Jinin nata bai koma daidai ba tun daga lokacin, magani uku take sha. A zuwanmu asibiti na ƙarshe an ce ƙodarta tana ja da baya, a rage mata gishiri, a dawo bayan wata guda a sake gwaji. Likitar mai furfura ta yi ritaya, wani saurayi ne yanzu, yana magana da ni yana kallon takarda kamar Yaya ba ta ɗakin. Shekararta talatin da shida.

Bara na yi aure. Yau mako uku ke nan da na gane ina da ciki, kuma kafin in faɗa wa mijina Yaya na fara faɗa wa. Na same ta ita kaɗai da rana, na zauna a bakin gado na ce, "Yaya, na yi ɓatan wata biyu." Ba ta yi murmushi ba. Ta kama mini hannu ta matse har na ji zafi, bakinta yana ta motsi tana neman kalma. Da ƙyar ta ce, "Gobe."

Na ce, "Gobe me?"

Ta runtse ido, ta sake nema, ta ce, "Awo."

Na je. Da na ba malamar awo labarin gidanmu sai ta ajiye biro, ta ce wadda 'yar'uwarta ta yi, ita ma sai an sa mata ido fiye da sauran mata, musamman a cikin fari. Ta gwada ni ta ce lafiya lau, yanzu dai. Ta ce likita zai gan ni a ɗora ni a kan magani in lokaci ya yi, kuma yawancin irina suna sauka lafiya. Na ce mata na gode. Ban faɗa mata cewa tun da na gane ban yi barcin kirki ba, ko cewa in kaina ya ɗan sara a aji sai in bar yara in fita in tsaya a rana.

Na dawo na faɗa wa Yaya lambar da aka samu. Ta ce, "To." Sai ta juya fuskarta bango, ni kuma na zauna ina jin numfashinta. Saura wata bakwai.